Sau-cikin Alhaji Arzika a Bakin Kwara

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ta shirya mana yawon buɗe ido a jirgin ruwa daga Yawuri, kwana biyu a kan kogin Kwara, ana tsayawa tsibiri-tsibiri ana miƙe ƙafa. A watan Agusta fa, tsakiyar marka. Sakatare ya faɗa har bakinsa ya gaji, cewa kowa ya zo da takalmin roba. Kowa ya ji, ban da Alhaji Arzika, tsohon oganmu, wanda muka yi shekara ashirin a ƙarƙashinsa ba mu taɓa ganin ƙura a takalminsa ba. Shi da sau-ciki na fata ya zo, baƙi wuluk, sai sheƙi yake yi, ɗansa ne ya aiko masa daga ƙasar waje. Dalilinsa kuwa, a tsibirin farko za a ɗauki hoton da za a buga a kalandar ƙungiya, kujerar tsakiya tasa ce, kuma ya rantse jikokinsa ba za su shekara suna kallonsa a bango da roba a ƙafa ba.

Muna dab da isa, matarsa Hajiya Kulu ta zaro wasu silifas shuɗɗa daga leda. A hankali ta yi masa magana, ni ma don ina kusa ne na ji. Ta ce ya daure ya sa su ya sauka, in an kai tudu wurin hoton sai ya mayar da nasa. Maimakon ya amsa mata a hankalin, sai Alhaji ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda har matuƙin jirgi zai ji:

"Haba Hajiya, takalmin banɗaki zan sa a gaban jama'a?"

Aka yi dariya. Ba zan yi ƙarya ba, har da ni, don mun saba yi wa maganarsa dariya tun muna ofis. Daga baya na ji kunya. Baiwar Allah ta mayar da abinta leda, ta ƙulle, ta juya tana kallon ruwa.

Jirgi ya tsaya ana yayyafi. Aka shimfiɗa katako zuwa gaɓa, gaɓar kuwa laka ce zalla, irin mai kama ƙafa ta ƙi saki. Mu masu roba muka tsallake, caɓal-caɓal, ba mu damu ba. Alhaji ya zo a ƙarshe, ya tattare babbar riga a kafaɗa, lema a hannu, yana zaɓen wurin takawa kamar mai tsintar shinkafa. Taku uku ya yi lafiya. A na huɗu ƙafar dama ta nutse har idon sawu. Ya ja da ƙarfi, ƙafa ta fito da safa kawai, laka ta rufe bakinta.

Matuƙin jirgi ya zo da gora, ya tsokana nan, ya tsokana can, ya ba shi haƙuri. Ga Alhaji tsaye da ƙafa ɗaya, yana tangaɗi, lema tana neman ƙwace masa. Can tudu kuwa an jera, kujerar tsakiya ce kaɗai ba kowa, mai hoto yana kira a yi sauri hadari ya sake haɗowa. In bai ƙarasa yanzu ba, kalanda za ta fita babu shi. Ya dubi tudu, ya dubi safarsa, sannan ya waiwayi matarsa da ke tsaye ɗan nesa da ledarta. Muryar nan da ta cika jirgi ɗazu ta koma raɗa.

"Hajiya, ɗan miƙo min abin nan."

"Wane abin, Alhaji?"

"Na cikin ledar mana."

Hajiya Kulu ta kwance leda ba gaggawa, ta ɗaga silifas sama yadda har na kan tudu suka gani, ta ce da murya tar:

"Au, na banɗakin? Ga shi, ranka ya daɗe. In haɗo maka da buta?"