Kwamfutar da Ba Ta da Tarbiyya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa yi wa wani Alhaji Barau aiki, mai motocin safa da ke jigilar fasinja daga Gusau zuwa kudu. A tasha babu mai kiran maigidan nawa da sunansa na yanka, Injiniya kawai ake ce masa. Wannan labari ya sha ba ni shi, kuma bai taɓa kai ƙarshensa ba sai ya share hawayen dariya.

Shi Alhaji Barau ya rantse ba za a ajiye masa sirrin kasuwancinsa a kwamfutar wasu mutanen da bai san garinsu ba. Sai ya sayi nasa manyan kwamfutoci guda uku, irin waɗanda ake kira saba, ya jera su a wani ɗaki bayan ofishin tikiti, ya sa musu na'urar sanyi, abin da ko direbobinsa ba su taɓa samu ba. Injiniya ya haɗa su suka zama tsintsiya ɗaya: abin da ke cikin wannan yana cikin waccan, in ɗaya ta mutu biyu su ci gaba. Ta cikinsu fasinja ke kama kujera da waya daga gida.

Don kada ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, Injiniya ya rubuta umarni iri biyu ya ajiye a allo, dab da juna. In ka danna na farko, sabon gyara zai shiga duka ukun lokaci guda. In ka danna na biyu, sai su share kansu tas don a sake gini daga tushe. Kowanne kuma, kafin ya motsa, sai ya tsaya ya rubuto da Hausa: "Ka tabbata?" Sai ka amsa masa sannan ya wuce.

To Alhaji mutum ne da ba a yi masa tambaya. Direban da ya taɓa ce masa, "Alhaji, da wannan tayar za mu tashi?" a ranar ya ajiye makulli. Sannan ga son nuna kaya. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ɗakin sanyi ya ga fitilu suna ƙyaftawa.

Ranar wata Laraba, ana saura kwanaki Babbar Sallah, sai ga taubashinsa Alhaji Na'Allah, wanda shi ma yake da motoci, kuma ba ya barin ta kwana in ya samu abin tsokana. Aka shiga ɗakin sanyi. Ya yi daidai Injiniya zai tura wani gyara.

"Matsa," in ji Alhaji Barau. "Yau ni zan danna. Na'Allah, buɗe ido ka ga yadda ake aiki, ba irin naku na biro da takarda ba."

Injiniya ya nuna masa umarni na farkon. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya danna. Allo ya rubuto: "Ka tabbata?"

Na'Allah ya leƙa, ya karanta da ƙarfi, ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Barau! Ashe ko injin da ka saya da kuɗinka bai yarda da hankalinka ba? Wallahi wannan abu ya san ka!"

Baƙo na fita, Alhaji ya juyo.

"Injiniya, wa ya koya mata wannan rashin kunya?"

"Ranka ya daɗe, ba rashin kunya ba ne. Birki ne. Ni ma da na rubuta ta, kullum sai ta tambaye ni."

"Kai ta tambaye ka, sa'anta ne kai. Ni Barau, a gidana, da wutata, a gaban Na'Allah? Ba ta da tarbiyya. A gidan nan in na ce a yi, yi ake yi. Ko ka cire ta yau, ko ka bi ta."

Injiniya ya tuna Sallah ta matso, ga yara, ga ɗinki a wurin tela. Ya sunkuyar da kai ya goge tambayar daga duka umarnin biyu.

Jajibirin Sallah tasha ta cika ta batse. Kujerun kowace mota an kama su tun sati guda. Injiniya ya fita sallar azahar, sai ga Na'Allah ya dawo, wai ya zo gaida injin mai hankali. Alhaji Barau ya ja hannunsa har ɗakin sanyi don ya rama. Tabarau na cikin aljihu, amma ya ƙi sa shi, kada taubashi ya ce ya tsufa. Ya ƙanƙance ido, ya nemi umarni na farko, sai ya danna na biyu.

Babu kwamfutar da ta tambaye shi. Duka ukun suka yi biyayya a tare.

"Ka gani?" in ji Alhaji yana buga ƙirji. "Yanzu ta san waye mai gida."

Bai rufe baki ba ihu ya tashi a waje. Masu sayar da tikiti sun duba allo, ba sunan kowa. Mutum biyar suna rantsuwa kowa shi ya kama gidan gaba a motar Ibadan. Wata tsohuwa ta hau ta zauna a kujerar direba ta ce ba mai sauke ta sai an nuna mata tata. 'Yan kamasho sun rasa wa za su saurara.

Injiniya ya shigo da gudu, takalmi a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa allon ya gane. Yana da kwafin bayanan da ya ɗauka da safe ya ajiye a gefe, kuma duk tashar shi kaɗai ya san yadda za a mayar da shi.

Alhaji ya daka masa tsawa: "Wane irin aiki ne wannan? Kwamfuta har uku, a rasa guda ɗaya mai hankalin da za ta tsayar da mutum ta tambaye shi?"

"Akwai ta, ranka ya daɗe. Ranar Laraba ka sallame ta."

Na'Allah ya dafa bango don kada ya faɗi. Alhaji Barau ya kumbura kamar zai fashe.

"Ni kake mayar wa magana? To kai ma na sallame ka! Tattara naka ya naka, ka bar min tasha yanzun nan!"

Injiniya ya sa takalminsa a nutse. Ya dubi kwamfutocin nan uku da babu komai a cikinsu, ya dubi taga inda fasinja suka fara jijjiga ƙofar ofis, sannan ya ɗan rusuna cikin ladabi ya ce:

"Ranka ya daɗe, ka tabbata?"