'Yan Matan Kwantena

Wani mutum ne a Dutsin-Ma, mai sayar da wake da dawa, irin mutanen nan da in suka kafe a kan magana ko tarakta ba ta janye su. Matarsa Lauratu tela ce. Ta daɗe tana ɗinkin kayan mata a tsakar gida, har Allah ya yi mata buɗi ta kama ɗan shago a bakin titi. Sai ta ce tana son mutum-mutumin nan na roba da ake sanya wa kaya a tsayar a ƙofar shago, guda uku, masu siffar mata, don masu wucewa su ga ɗinkinta. Aka ce mata na China sun fi kyau.

To, mutum-mutumi uku ba sa cika kwantena. Amma akwai Alhaji Zaharaddin a garin, wanda sana'arsa ke nan. Yakan tara ƙananan 'yan kasuwa, mai kwali biyu, mai kwali biyar, a haɗa kayansu a kwantena ɗaya, kowa da ɗan gurbinsa, a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas, tirela ta ƙaraso da kayan. Lauratu ta tura maigida ya je ya yi magana da shi. Wannan shi ne kuskuren da ta yi.

Bayan gaisuwa, mutumin ya gyara zama a benci ya ce, "Alhaji, kwana nawa za su yi bisa hanya?"

"Arba'in da 'yan kai bisa ruwa. In ka haɗa da na kwastan da na tirela, ka ce wata biyu."

"Su kaɗai cikin kwantenar?"

"A'a, Malam. Ai shi ya sa ake ce mata haɗaka. Ku goma sha ɗaya ne."

"Su wa da wa?"

Alhaji ya jawo takarda yana karanto masa. Hajiya Ikilima ta Karofi, injin markaɗe. Simeon mai kayan wuta, ƙwayayen fitila da waya. Wani daga Rawayau, tayoyin babur. Ummaru tela na Kurfi, mutum-mutumi huɗu.

"Tsaya nan. Huɗun nan mata ne?"

"Maza ne. Ai kayan maza ya ke ɗinki."

Mutumin ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar da hular.

"Alhaji, ina ganin girmanka. Ɗiya mata ukku, ƙarti huɗu, ɗaki guda, ba taga, ba hitila, a garƙame da kwaɗo ta waje, har wata biyu. Kai in ɗiyanka ne ka yarda?"

"Malam, roba ce hwa."

"Roba ce a China. Tunda aka rubuta sunana bisa kwalinsu, ɗiyan gidana ne. Gobe in magana ta tashi cikin garin nan, sunan wa za a kira? Na roba?"

Alhaji Zaharaddin ya sha ganin masu kaya iri-iri. Ya ga mai tsoron ruwa ya jiƙa masa atamfa, ya ga mai tsoron kwastan, ya ga mai tsoron a musanya masa kwali. Mai tsoron abin kunya dai yau ya fara gani. Don ya kwantar masa da hankali, sai ya kira ƙanensa Bilya ta bidiyo, wanda ya shekara goma a China yana loda masa kaya, ya ce ya nuna wa Malam kayansa.

Bilya ya juya waya. Ga 'yan matan nan uku a jingine da bangon sito, farare tas, ko ƙyalle babu a jikinsu. Mutumin ya kawar da kai da sauri yana salati.

"Bilya, ka ji tsoron Allah. Haka za su shiga jirgi? Ka ruhwa masu asiri."

Bilya ya jawo ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa, ya naɗe su.

"Ana hango jikinsu."

Ya ƙara naɗi biyu, ya cusa su a kwali, ya bi da salatif.

"Yauwa. To saurara. Su ka kai su can ƙuryar kwantena. Ƙartin Ummaru ka bar su bakin ƙohwa. Injin Hajiya Ikilima ka girke shi tsakani. Babbar mace ce, kayanta ma ba su rasa kwarjini."

"Malam, ba haka ake lodi ba," in ji Bilya. "Mai nauyi ƙasa ya ke zama, marar nauyi bisa. Naka da na Ummaru duk ba su da nauyi, wuri guda za su hau."

"Wuri guda? Kana nuhin kwali bisa kwali?"

Nan kiran ya yanke. Alhaji ya ce sabis ne ya ɗauke. Ni dai na san Bilya, kuma na san sabis ba ya ɗaukewa daidai lokacin da ake bukata irin haka.

Aka rufe kwantena, jirgi ya tashi, hankalin bawan Allah ya tashi tare da shi. Kullum da safe kafin ya buɗe rumfarsa sai ya biya shagon Alhaji. Alhaji ya nuna masa ɗan ɗigo a waya yana rarrafe a kan shuɗin teku, ya ce jirgin ke nan. Shi kuwa ya ƙura wa ɗigon ido kamar zai leƙa ciki. Abinci ya daina shiga. Mai sayen wake ya ce a auna masa tiya biyu, ya auna masa dawa.

Rannan Alhaji ya yi suɓul da baka, ya ce jirgin ya gamu da igiyar ruwa, an ɗan sha jijjiga, amma ba komai, kaya dai kan ɗan zame su jingina da juna. Mutumin ya miƙe. Ya fita ya hau babur, sai Kurfi.

Ya iske Ummaru tela yana taka keke, tef rataye a wuya. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina.

"Na zo ne bisa maganar samarinka."

"Samarina? Babban ɗana aji ukku ya ke a hiramare."

"Na cikin jirgi."

Ummaru ya tsayar da keke. Sai da aka yi masa bayani sau biyu ya gane, ya ciji leɓe don kada dariya ta kufce masa.

"Ina son ka hwaɗa mani halinsu tsakaninka da Allah. Suna da kamun kai?"

"Malam, ni ko ganinsu ban taɓa yi ba, sai a hoto."

"Ka ji ba. Uban da bai san halin ɗiyanshi ba."

"To ka kwantar da hankalinka. A hoton da aka turo mani, hannuwansu ma a cire su ke, an ɗaure gehe guda."

Mutumin ya miƙe tsaye. "Me suka yi aka cire masu hannu?"

Ummaru ya kifa kai a kan keke, kafaɗunsa na rawa. Mutumin ya ɗauka nadama ce ta kama shi. Ya juya ga wani da ya kawo gyaran wando, ya ce masa ya zama shaida, shi dai ya zo ya yi magana tun jirgi yana bisa ruwa.

Wata biyu cif, kaya suka sauka a Dutsin-Ma. Kowa ya zo yana duba ko nasa sun fashe. Shi kuwa salatif yake bi da yatsa, har ya samu inda ya ɗan ɗaye a gefen kwali guda. Ya dubi Alhaji, ya dubi wurin, ya girgiza kai. Ya loda kwalayen a keke napep ya kai gida, bai bari kowa ya taɓa ba.

Lauratu ta yanka salatif, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura musu hannuwa, ta tsayar da su a tsakar gida. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta sake zura hannu a kwalin ƙarshe don ta kwashe leda, sai ta ji wani abu a ƙasa. Ta jawo. Wani ɗan ƙaramin mutum-mutumi ne, siffar jariri, bai wuce tsawon hannu ba, da 'yar takarda mai rubutun China a maƙale.

"Kai, sun kyauta," in ji ta. "Gyara suka yi mana, kamar yadda mai tumatir ke yi. Sai in riƙa ɗinka kayan yara."

Gaskiyarta kuwa, masu kayan ne suka ƙara mata don ta sake ciniki da su. Amma da ta waiwaya, maigida yana zaune daɓas a ƙasa. Wallahi abin ya yi masa ciwo, idanunsa har sun kawo ruwa. Can ya tashi ya tura ƙofar gida, ya zo ya tsaya gaban 'yan matan.

"Wacce ce cikinku?"

Shiru.

"Ba duka zan yi ba. Ni na san ba laihinku ba ne, laihin Bilya ne. Ku dai hwaɗa mani."

Shiru.

"Lauratu, kin ga ta tsakiyar nan? Ta kasa haɗa ido da ni."

"Malam, ba ta da ido."

"Ko tana da shi ba ta iyawa."

Lauratu ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta yi rantsuwa, duk a banza. Washegari da sassafe ya naɗe jaririn a tawul, ya ɗaure shi a ƙirji da rawani, ya tayar da babur. Maƙwabta da suka hango ɗan kai yana leƙowa suka fara, "A'a, Malam, ƙaruwa aka samu? Allah shi raya." Shi kuwa ya ce, "Ku dai bari," ya ƙara wuta.

Ya isa Kurfi hantsi ya ɗaga. Ummaru ya riga ya jera nasa huɗun a ƙofar shago, kowanne ya sha shadda da aiki a wuya, an kafa masa hula. Mutumin ya kafe babur, ya tsaya yana kallonsu, ransa na tafasa.

"Dube su. Sun sha kwalliya kamar ba su ba."

Ya kwance tawul ya ɗaga jaririn sama. Kafin ka ce me, masu shaguna da 'yan acaba da masu wucewa sun cika wurin.

"Ummaru, hito. Ga abin da na zo na hwaɗa maka kana dariya. Ni ba rigima na zo yi ba. Ubanshi shi hito shi karɓi ɗanshi, a sayi rago, a raɗa mashi suna kamar kowane ɗa. Ba zan riƙe yaro a gidana ana nuna ni da baki ba."

Ummaru ya fito da almakashi a hannu. Ya ga taron, ya ga mutumin ba wasa yake ba, dariyar ta ɗan ragu.

"Malam, wace shaida gare ka cewa na wajena ne? Mu goma sha ɗaya ne cikin kwantenar nan."

"Yo tayar babur ce ta yi, ko injin Hajiya?"

Ya matsa ya kara fuskar jaririn da ta wanda ke sanye da shuɗiyar shadda.

"Jama'a, ku duba tsakaninku da Allah. Ba ido, ba baki, ga santsin goshi. Uban sak."

"Ai naka matan ma ba su da ido da baki," in ji Ummaru.

"To shi ke nan, ya ɗauko uwa ya ɗauko uba."

Wani ɗan acaba ya ce shi dai ya fi ganin kama da mai farar shadda. Wani ya ce a'a, kafaɗar ta mai shuɗiya ce. Gardama ta kaure, har aka rabu gida biyu. Ummaru ya ga abin yana neman zama masa shari'a, ya fara zufa, ya aika a kira Malam Ilu, dattijon unguwar da kowa ke jin maganarsa.

Malam Ilu ya zo yana dogara sanda. Ya saurari kowa har ƙarshe. Ya gane cewa in ya ce roba ce, nan za a kwana, don haka ya bi mutumin ta hanyar da ya zo.

"Ɗana, zamna mu bi abin nan a hankali. Yaushe yaran nan suka hwara haɗuwa?"

"Ranar da aka ruhe kwantena, Baba."

"Kahin nan ba su san juna ba?"

"Ba su sani ba. Ni na ga nawa da idona, su kaɗai a jingine."

"Yaushe aka buɗe?"

"Jiya."

"Wata nawa ke nan?"

"Biyu."

"Madalla. To ciki kuma wata nawa ne? Ba tara ba?"

Jama'a suka yi ajiyar zuciya. Ummaru ya share zufa. Mutumin ya gyara wa jaririn tawul, ya dubi dattijon da tausayi.

"Tara a nan Kurfi, Baba. Waɗannan 'yan China ne. Ka taɓa jin aikin da ya ɗauke su wata tara?"