Ranar da Farfesa Ya Zama Ginshiƙi

Mai kunne ya matso, ga wata ta fito daga dawa.

A zamanin Sarki Zaki Gurnani, Dajin Gwandai ya shiga wani hali. Rijiyoyi sun ƙafe, gadoji sun karye, amma babu inda ya kai jami'ar dajin ban tausayi. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun tsattsage, ƙadangaru na shiga suna fita ba sallama. Ɗakin karatu ya koma tafki, kwaɗi na ta muhawara a kan littattafan da ba su taɓa buɗewa ba. Babban zauren lacca kuwa rufinsa ya zama rariya: in ana ruwa a waje, a ciki ma ana yi, in an ɗauke a waje, na ciki sai ya ci gaba abinsa.

A wannan zaure Farfesa Zungurau yake koyarwa. Raƙumin dawa ne, dattijo mai sanyin hali, masanin taurari, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba duk da tsawon wuyansa. Ɗalibansa kusan duk jakuna ne, 'ya'yan masu dakon itace da ruwa, waɗanda iyayensu suka ɗaure ciki suka turo su neman ilimi. Shugabarsu wata jaka ce mai suna Tasalla. Ta shigo jami'a da ƙuruciyarta, ga shi furfura ta fara leƙo mata a haɓa ba ta gama ba, domin kowace shekara sai an ɗage jarrabawa saboda babu busasshen wurin da za a zauna a rubuta ta.

Wata rana ana tsakiyar darasi iska ta yaye rabin rufin ta kai shi har bayan fada, ya faɗa kan tukunyar abincin Sarki. Abin da kukan ɗalibai ya kasa yi shekara da shekaru, ɓarin miya ya yi shi a wuni ɗaya. Sarki ya kira majalisa, aka gayyato Farfesa.

Kure Ci-ka-rage, Ministan Ayyuka, shi ya fara tashi. Ya gyara babbar riga, ya lashe baki, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, uban marayu, inuwar giginya! Wannan ɓarna ba tamu ba ce, gadonta muka yi daga gwamnatin baya."

Kowa ya san gwamnatin baya ma ta Sarki Gurnani ce, amma aka tafa.

"Za mu gyara zauren nan," in ji Kure, "gyaran da giwa za ta yi rawa a kan rufinsa bai motsa ba. Jakunan dajin nan za su yi karatu cikin sanyi, har su manta da kalmar haƙuri!"

Farfesa ya sunkuyo da wuyansa a hankali. "Ranka ya daɗe, wa za a bai wa aikin?"

"Kamfanin Gara da 'Ya'yanta," in ji Kure. "Duk dajin nan babu wanda ya san katako ciki da bai kamar su."

"To ai sanin nan nasu ne abin tsoro, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi hamma, haƙoransa suka bayyana har na wajen maƙogwaro. "Karatu ya yi wa wannan yawa," ya ce. "A fara aiki."

Aka fara. Amalanke bayan amalanke aka riƙa sauke katako da azara a harabar jami'a. Farfesa yakan wuce da safe ya ga tarin ya ragu, ya ga ma'aikatan gara sun ƙara ƙiba, wasu har ba sa iya shiga raminsu sai an turo su ta baya. Da ya tambayi uwar kamfanin, wata gara mai tumbi kamar goran nono, sai ta share baki ta ce, "Gwajin inganci muke yi, Malam. Ba ma kafa katakon da ba mu ɗanɗana ba."

Duk da haka gini ya tashi, ko a ce ya yi kama da ya tashi. Aka toshe tsagar bango da laka, aka shafe ta da koren fenti. Aka ɗora sabon kwano mai ƙyalli wanda ke makantar da tsuntsaye. A tsakiyar zauren aka kafa ƙaton ginshiƙin itace wanda duk nauyin rufin ke kansa.

Ana gobe bikin buɗewa, da la'asar, Kure ya zo duba aiki. Farfesa da Tasalla na biye da shi. Ya zagaya, ya yi murmushi, ya jingina da ginshiƙin don ya huta. Sai ji aka yi fus! Ginshiƙin ya zube ya zama gari, kamar an zazzage buhun dusa. Ashe fenti kaɗai ke tsaye, cikin an riga an gama gwajin ingancinsa. Rufin ya yi ƙara, tsakiyarsa ya lotso.

Kure ya tashi yana kakkaɓe riga. Ya dubi rufin, ya dubi ƙasa, sannan ya dubi wuyan Farfesa tun daga kafaɗa har sama. Ya daɗe yana dubansa.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce da wata murya mai zaƙi, "ƙasa na bukatarka."

"A'a," in ji Farfesa, don ya gane.

"Na ɗan lokaci ne. Ka tsaya nan ka tallafe azarar da kanka, a yi maka fenti, Sarki ya yanke ƙyalle, shi ke nan. Kafin ka yi atishawa mun kawo ginshiƙi na gaske."

"Ni malami ne, Minista, ba itace ba."

Kure ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi. "To shi ke nan. Gobe Sarki zai zo ya tarar da rufi a ƙasa, ya rufe jami'ar har sai an gama bincike. Ka san binciken dajin nan, jikan jikanka ne zai ji sakamako. Jarrabawa kuwa..." Ya waiwayi Tasalla ya girgiza kai.

"Malam, kada ka yarda," in ji Tasalla. "Mun saba jira."

Wannan kalma ta saba ita ta soki Farfesa. Ya dubi furfurar haɓarta, ya tuna ranar da ta fara zuwa ajinsa tana tsalle. Ya ce, "Da an yanke ƙyalle za a sauke ni?"

"Na rantse da kabarin kakana," in ji Kure, wanda kowa ya san shi ya cinye gawar kakan.

Washegari da sassafe birai masu fenti suka hau shi da buroshi. Suka shafe shi fari fat tun daga ƙirji har kunne. Suka lulluɓe gangar jikinsa da ƙafafunsa da tutocin masarauta, ya zama kamar dakalin ado. Kansa ya shige cikin silin, babbar azarar ta zauna daram tsakanin ƙahoninsa. Ta wata 'yar ɓula yake hango abin da ke faruwa a ƙasa.

Abu na farko da ya gani shi ne an kori ɗalibai. Wani dogarin kare ya ce su tsaya a waje, kada su goga wa bango datti. Kujerun da aka yi don jakuna kuraye suka cika su, da matansu, da surukansu, da abokan surukansu.

Sarki ya iso da tambura. Ya hau mumbari ya yi jawabi a kan ilimi, ya ce ilimi gishiri ne, ya ce ilimi fitila ne, ya ce ilimi rijiya ne, har ya rasa abin da ilimi bai zama ba. Rana ta take, kwano ya yi zafi, gumi ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin fentin Farfesa. Wuyansa na rawa kamar karan dawa a iska, amma ya cije.

Da aka yanke ƙyalle, Sarki ya sauko ya nufi ginshiƙin. Ya buga shi da tafi. "Kai! Wannan aiki ne! Har ɗumi gare shi."

"Sabuwar fasaha ce, ranka ya daɗe," in ji Kure. "Daga ƙasar waje."

Sarki ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya wasa faratansa a jikin ginshiƙin kamar yadda zakuna kan yi da itacen da suka yaba. Farfesa ya runtse ido, hawaye suka zubo ta silin, wata matar kura ta ce ai har turare ginin ke fesawa.

"Kada wanda ya kuskura ya taɓa wannan ginshiƙi," in ji Sarki. "Jikokina za su jingina da shi."

Aka shigo da akusan nama, zaure ya kaure da ƙarar ƙashi. Da Kure ya gitta kusa da shi riƙe da cinya, Farfesa ya yi masa raɗa ta ɓular silin. "Minista, an yanke ƙyalle. Ina ginshiƙin?"

"Ai ka ji umarnin Sarki da kunnenka," in ji Kure yana tauna. "Ka daure zuwa kasafin baɗi. Za a riƙa miƙo maka ganye ta taga, kuma ina nema maka lambar yabo."

"To jarrabawar fa? Yaushe yaran za su shigo?"

Kure ya yi dariya har nama ya sarƙe shi. "Nan? Haba Malam! Zaure mai kyau haka a ba jakuna? Majalisa ta yanke za a riƙa ba da shi haya, bikin aure da taron siyasa. Su kuma su ƙara haƙuri, an kusa."

Farfesa ya leƙa ta ɓular silin. Ta ƙofa yana hango ɗalibansa jere a rana, kunnuwa sun langaɓe, suna jiran a ce su shigo. Ya ji wani abu ya taso masa daga ƙirji, ya yi doguwar tafiya a cikin wuyansa kafin ya iso baki. Karo na farko a rayuwarsa ya ɗaga murya.

"Jama'a, kowa ya fita! Ginshiƙi zai tafi gida!"

Sarki ya ɗaga kai da ƙashi a baki. "Wa ke magana?"

"Lasifika ce a jikinsa, ranka ya daɗe," in ji Kure da sauri. "Har barkwanci yana yi."

Aka fashe da dariya, aka tafa wa ginshiƙi. Farfesa ya sake faɗa, ya kuma maimaita. Zomayen da ke rabon abinci, waɗanda Allah ya hore wa kunne da hankali, suka ajiye akusa suka sulale. Kuraye kuwa suka ce a ƙaro miya.

"To, na fita haƙƙinku," in ji Farfesa.

Ya zame kansa daga ƙarƙashin azarar, ya sunkuya, ya yi taku irin nasa, sai ga shi a waje yana jan tutoci. Rufin ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya sauko gaba ɗaya, rugum, ya kife fada da majalisa kamar faifai a kan ƙwarya.

Babu wanda ya mutu. Kwanon da Kure ya sayo bai fi ganyen ayaba kauri ba, kuma azarar duk gara ta rarake ta. Sai dai babu mai iya fita. Ana jin su a ƙarƙashi suna mutsu-mutsu, wannan na taka wutsiyar wancan, Kure na ihun cewa aikin 'yan adawa ne.

Tasalla ta ɗebo ruwa a bokiti, ta samo soso, ta fara wanke wa Farfesa fenti da sawun farata.

Can sai muryar Sarki ta fito daga ƙarƙashin kwano, a shaƙe. "Ya ku jakuna, talakawana abin ƙaunata! Ku zo ku ɗaga! Duk dajin nan babu mai ƙarfin bayanku. Wallahi in na fito zan gina muku zaure, kai, jami'a sukutum, kowane ɗalibi da ɗakinsa!"

Jakunan suka dubi tarin kwanon. Suka dubi juna. Wani ya kaɗa kunne ya kori ƙuda. Babu kofaton da ya motsa.

"Malam," in ji Tasalla, "ɗan ƙara sunkuyowa, akwai saura a bayan kunne."

Farfesa ya sunkuyo.