Rasuwar Jirgin Zango, Lilon Alkasum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar dama wadda har yau ba ta ɗaguwa, ni Alkasum mai lilo, na unguwar Zango a nan Damagaram, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar nan, rasuwar lilona na ƙarfe, wanda yara suka raɗa wa suna Jirgin Zango. Ya cika ne a cikin kwanakin Sallar Layya, bayan la'asar, a filin ƙofar gidana inda ya yi rayuwarsa duka. Babu kowa a kansa sai ni.

An haifi marigayin a maƙerar Kolo, daga ƙasusuwan wani tsohon kamyo, wato babbar mota, da ya gaji da dakon gyaɗa. Kujeru huɗu gare shi masu hawa sama su sauko: ja, koriya, shuɗiya, da wata wadda kowa ya manta launinta. Bai taɓa shan wutar kuran ko man esans ba. Abincinsa ɗan giris ne da ƙarfin damtse.

Duk wanda ya san shi zai shaida bai san ɗan wane ba. Ɗan alhaji da 'yar mai ƙosai duk sama guda yake kai su, na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: ba ya ɗaukar mutum shi kaɗai, sai da wani a ɗaya gefen, nauyi ya daidaita. Sau nawa yaran da suka kwana da gaba suka hau tare a kan dole, suka sauko suna raba alewa.

Murya kam, Allah bai ba shi mai daɗi ba. Ƙiiit… ƙaaat… ƙiiit… ƙaaat, tun daga saukowa idi har magariba. An taɓa kai ƙarata wurin mai unguwa saboda ita. Amma matan Zango ba su taɓa neman ɗa ranar Sallah ba, in suka ji ƙiiit daga cikin gida sun san inda 'ya'yansu suke.

Mu biyu ne muke hidimarsa, ni da aminina Safiyanu, Bakanon nan mai sayar da takalma, wanda yakan rufe shagonsa ya zo ya naɗe hannun riga. Ina turawa, yana tarewa. Yara kuwa suna can sama suna ba mu labarin abin da suke hange: duwatsun Birni, hasumiyar masallaci, rufin gidajensu. Har wani ɗan maƙaryaci ya rantse ya ga garin Tirmini can nesa. Shekara talatin da ɗoriya ina jin wannan labari, ban taɓa gani da idona ba, don mai turi tafin ƙafar yara kawai yake gani. Ni da Safiyanu mun yi alkawari in Sallah ta wuce zai tura ni, in tura shi. Kowace shekara kunya ta hana, wai dattawa biyu da gemu. Sai baɗi, sai baɗi, har aka kai Safiyanu makwancinsa. Allah ya jiƙan sa, ya tafi bai ga duwatsun ba shi ma.

Jinyar marigayin ta faro ne tun da aka buɗe wurin wasa mai lilon kuran da fitilu da kiɗa. Ba na ganin laifin yaran, ko ni ne yaro can zan tafi. Layi ya fara gajarta, tsatsa ta kama gaɓoɓinsa, ya koma kwana a cikin tamfal daga Sallah zuwa Sallah. In yaro ɗaya ya zo, sai in ɗora buhun yashi a ɗaya gefen, ya zama masa abokin hawa.

Bana na wanke shi tas, na ba shi giris, na sa farar rigata na zauna. Ranar Sallah ta wuce, washegari ta wuce, ko yaro ɗaya. Rana ta uku da na dawo daga masallaci na dubi fili wayam, na ce yau dai ba wanda zan ji wa kunya. Na ɗora yashi buhu biyu, na tattare riga na shiga koriyar kujera, na doki ƙasa da ƙafa. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce ƙiiit, ya ɗaga ni har na kai tsayin katangar maƙwabci, na hango igiyar shanya da wata tukunya a kife. Ina jiran ƙaaat, sai na ji ƙas. Ƙarfen tsakiya ya karye.

Na kwanta a ƙasa, yashi a bakina, ina jiran wani ya yi mini dariya. Wallahi ko dariyar ban samu ba. Wannan ya fi kafaɗar ciwo.

Marigayin ya bar 'ya'ya da ba su ƙirguwa. Cikinsu akwai jandarma, da malaman makarantar lekol, da matan aure a Garagumsa da Yamai, da 'yan kabu-kabu masu wucewa ta ƙofata kullum ba ko ɗaga hannu, alhali na san wanda ya yi fitsari a wando a shuɗiyar kujera, ina dai rufa asiri ne. Ya bar 'yata Ummul Khairi, wadda ta fara hawansa, yanzu tana aure a Agadas, ta yi mini gaisuwa ta wayar salula ta ce dama ya kamata in huta. Ya bar wata akuya mai kwana a inuwarsa. Sai ni.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma gaskiyarsa. Kolo maƙeri ya duba gawar ya girgiza kai, ya ce a mayar masa da ita inda ta fito, zai fid da murhu da fartanya. Za a ɗauke ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ana neman majiya ƙarfi huɗu, cikin waɗanda ya ɗauka a da, su zo su ɗauke shi sau ɗaya.

Koriyar kujerar kaɗai na hana. Na rataye ta da igiya a reshen darbejiyar ƙofar gida, a nan za a yi zaman makoki, kuma ban sa ranar tashi ba. Mai zuwa ta'aziyya kada ya wahalar da kansa da goro ko dabino. Zai tarar da ni zaune a ciki. Ya zagayo ta bayana, ya ɗan tura ni.