Kawar Goggo Hajara

Na fi wata shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada rubutun nan ya zama gulma. Amma abin ya ƙi fita daga raina.

Har abada ba zan manta da taron zuriyarmu a unguwar Rusaifa ta Makka ba. Kakanninmu da suka taso daga Katsina a ƙafa za su aikin Hajji, a bakin tekun Sudan guzuri ya yanke musu. Nutso suka riƙa yi suna ciro kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu a haɗe, su ci naman, su sayar da ɓawon, har Allah ya tsallako da su Jidda. Shi ne bara manya suka ce a yi walimar tunawa. Goggo Hajara, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tsallako, ta ce tana so ta sake ɗanɗanawa kafin ta koma ga Allah.

Ni aka ba girkin, wai na fi kowa tsafta (gaskiya ne, sau uku nake wanke cokali). Ni kuwa ban taɓa ganin kawa ba. Yaya Sale, wan mijina, ya sauke kula biyu cike da ita daga Jidda, ya ce, "Duk wadda ta buɗe baki ta mutu, guba ce, zubar." Ya ja motarsa.

Na tsince biyar na zubar, na ɗora sauran. Ina ɗaga murfi, innalillahi, duk sun wangale baki! Tsofaffi zan kashe a garin Makka? Na juye su a leda, har na tsiyaya musu maganin wanke banɗaki don kada kyanwa ta ci ta mutu a wuyana. Guda bakwai da suka ƙi buɗewa na jera a faranti, na kai gaban Goggo ina taƙama.

Yaya Sale ya ce, "Ina sauran?" Na yi bayani a gaban kowa. Ya dafe kai.

"Ya shekha, baiwar Allah! In an dafa, wadda ta buɗe ita ce mai kyau. Waɗannan bakwai ɗin su ne matattun!"

Goggo ta daɗe tana kallon farantin. Ta ce, "Ubana daga ƙasan teku yake ciro ta. Ke daga tukunya ta gagare ki. A ba ni shayi."

Aka kwashe da dariya, har da shi mai ba da rabin bayanin! Wa ya ce masa a unguwarmu Utaibiyya teku ke gare mu? Yanzu ko ƙwai aka ba ni sai na tambaya, "In an dafa fa?"

Ɗalibai masu karatu, don Allah ku duba mini littafi: zunubin ɓarnar nan, nawa ne ko na Yaya Sale?