Yadda Za Ka Zama Hadir a Aji Kana Gona Kana Yankan Riɗi

Ɗan'uwa ɗalibi, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. In jami'arku ta mayar da karatu cikin waya kamar tamu, riɗinku kuma ya nuna a daidai wannan lokacin, to wannan takarda taka ce. Ni ne Haliru Cindo, daga wani ƙauye kusa da Simsim, na yi karatun noma a Gadarif, inda da Larabci ake koyarwa. Na halarci muhadara, wato lacca, goma sha biyu ba tare da na ji ko ɗaya ba, kuma na yi maka alkawari in ka bi matakan nan za a rubuta ka hadir, wato ka halarta, kullum, kai kuwa kana can cikin gona da laujenka.

Ka fara sanin girman matsalar. Riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube, kurciyoyi su yi ta maka addu'a. Duktura Najwa, mai koya mana darasin ƙwarin amfanin gona, ita ma ba ta jira. Ƙarfe takwas na safe take kiran suna, kuma wanda aka rasa sau uku ya zama mahrum, wato ba zai zauna jarrabawa ba sai baɗi. Ni na riga na cinye biyu. Shekara shida ina karatun shekara huɗu saboda rufe-rufen makaranta, ba ni da wata baɗin da zan bayar.

1. Ka zaɓi wakili

Kada ka zaɓi abokinka, shi ma wakili yake nema. Kada ka zaɓi mace in kai namiji ne, wannan ko ban faɗa ba. Ka nemi dattijo mai ciwon gwiwa, wanda zama ya ishe shi, yana kallon mutane suna fita aiki yana jin haushi. Ni a gida na samu nawa, wato mahaifina, Baba Cindo, wanda gwiwarsa ta hana shi shiga gona a bana, shi ya sa ma laujen ya dawo hannuna.

Zai yi gardama, ka shirya. Nawa cewa ya yi, "Ya walad, da furfurata ka sa ni ƙarya?"

Na ce, "Baba, wane suna ake kira?"

"Haliru Cindo."

"To rabin sunan na wane ne?"

Ya shafa gemu, ya ce, "Nawa ne kam." Shi ke nan, fatawa ta fita. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan ƙarya, amma ban ji wanda ya yi magana a kan rabin suna ba.

2. Ka nemo inda shabaka take kwana

Shabaka, wato abin da ke sa waya ta yi magana da duniya, tana da wurin zamanta a kowane ƙauye, kuma ba ta taɓa zaɓar wuri mai daɗi. Ka ɗaga waya sama ka zaga gari kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Tamu a gindin aduwar bakin gona take, ɓangaren gabas, in iska ba ta kaɗa ba. Ka kai wa dattijon angarib, gadon igiyar nan, ka ajiye masa jabana, gahawar nan tamu, da kofi, ka ɗaure wayar a reshe daidai kunnensa.

Kyamara kuwa ka liƙe ta da ɗan ƙyalle. In an tambaya, shabaka ce ba ta da ƙarfi. Wannan uzuri ba ya tsufa, don ko malaman ma da shi suke aiki.

3. Kalma ɗaya tak

Kada ka cika wa wakili kai da bayani. Ka ce masa: duk inda ka ji an ce Haliru Cindo, ka danna nan, ka ce "Hadir," ka sake dannawa don a daina jin ka. Ka sa ya maimaita sau bakwai.

A nan masu ƙananan tunani za su tuna maka cewa hadir a bakin mutanenmu tana da fuska biyu. Akwai hadir ta aji, wato ga ni nan. Akwai kuma hadir da kake ce wa babba in ya aike ka, wato na ji, zan yi. Kada ka saurare su. Ni ma ban saurare su ba, don me zai haɗa kiran suna da aike?

4. Maganar murya

Muryar mai shekara saba'in da ta sha jabana tun zamanin da ake noma da hannu ba za ta yi kama da taka ba. Ranar farko Duktura ta ɗan tsaya ta ce, "Haliru, lafiya muryarka?" Da yamma na tura mata saƙo cewa mura ce ta kama ni. Ta amsa, "Salamtak, ka sha citta." Bayan mako biyu ta sake rubuto min, "Wannan mura taka ta manyanta." Na ɗauka tausayi ne, har na ji daɗi a raina.

Mura tana iya kai ka wata guda. In ya wuce haka, ka koma ciwon maƙogwaro.

5. In wakili ya fara ba ka labari, ka share

Wannan matakin ne ya fi wuya, don dattawa ba su iya zaman banza ba. Kai ka ce masa ya amsa suna ya kwanta, shi kuwa sai ya kasa kunne. Da hantsi, in na fito gindin aduwa cin fatur, wato kalaci, hannuna duk ya yi kanta, sai in tarar da shi a zaune ya tanƙwashe ƙafa mai lafiyar.

"Ya Haliru, ka san ƙwaron nan ka'uk da ke tsotse mana riɗi a dami? Ashe yana da suna da Turanci, dogo kamar sunan basarake. Wallahi yarinyar nan ta san abu. Shekara hamsin ina faɗa da shi, yau na ji inda yake ajiye ƙwansa."

Ka ce "Tamam, Baba," ka ci gaba da cin kisra, wainarmu ta dawa. Ilimi yana da nauyi, kai kuma kana da dami ɗari a gabanka. Za ka lura ya fara sa farar jallabiya kafin ƙarfe takwas, alhali kyamara a liƙe take. Za ka ji yana korar awaki a hankali, wai ana karatu. Duk ka share.

6. In ya amsa abin da ba a aike shi ba

Wata Litinin ya tare ni fuskarsa kamar an yi masa bushara.

"Yau sau uku aka kira ka, sau uku na amsa."

Na ajiye lomar. Na ce, "Sau uku kamar yaya?"

"Na farko na suna. Na biyu ta ce wa zai tashi ya yi wa aji bayani a kan ka'uk ranar Alhamis, kowa ya yi tsit, ta ce Haliru Cindo fa? Na ce hadir. Ta ce da kyamara a buɗe? Haliru Cindo, ka ji? Na ce hadir."

"Baba! Ba ka gane abin da take nufi ba ne?"

"Na gane sarai. Larabci ta yi, ba Turanci ba. Kai ka ce duk inda na ji sunan in amsa. Kuma a kira ɗana cikin mutane ana neman mai iyawa, in yi shiru? Ayb, abin kunya ne, ya walad."

Shawarata a nan ita ce kada ka yi kuka a gabansa. Ka shiga cikin riɗi, dogo ne, yana rufe mutum.

7. Ranar bayani

Ka wanke fuska, ka cire ƙyallen, ka tsaya a gaban damin riɗi don a ga kai mutumin aiki ne. Ka roƙi wakili ya koma gefe ya yi shiru. Zai ce hadir, kuma wannan karon ba ya nufin ko ɗaya daga cikin biyun.

Na fara da kyau. Na nuna yadda ake gane riɗi ya isa yanka, ganye ya yi rawaya ya zube, kwanson ƙasa ya sauya launi. Na nuna yadda ake tsayar da dami kai sama. Duktura ta ce, "Ma sha Allah, mura ta warke, har ka yi ƙuruciya." Aji ya yi dariya. Sai ta ce, "To ka'uk, ina yake yini, kuma yaushe yake ɓarna?"

Na juya na kalli Baba. Na yanke riɗi mako huɗu, amma ban taɓa tambayar ƙwaro inda yake yini ba.

Daga nan muka yi kuskuren da duk mutanenmu ke yi. Mun saba a kasuwar Gadarif, in muna so mu yi magana a gaban mutum ba tare da ya ji ba, sai mu juya Hausa. Baba ya matso, ya yi raɗa, kuma raɗar Baba ana jin ta daga gonar maƙwabta.

"Kai, ka ce mata da rana yana ɓuya a gindin dami, sai rana ta faɗi yake hawa ya tsotsa. Ta faɗa ranar Litinin, sakarai!"

Sannan muryar Duktura Najwa ta fito, da Hausa tsantsa irin ta cikin gida: "Baba, ina kwana? Ya gwiwa? Ka bar shi ya amsa da kansa, kai ai ka ci taka jarrabawar."

Ashe Bahaushiya ce, 'yar Ƙala'at an-Nahal, mahaifinta ma da lauje ya ɗauki nauyin karatunta. Ashe tun makon farko Baba yakan manta bai sake dannawa ba, ta ji yana kurɓar jabana, ta ji yana zagin akuya, ta ji yana cewa "Gaskiyarki, 'yata" duk lokacin da ta faɗi abin da ya gamsar da shi.

Ta ce, "Mutum sittin ke ce min hadir su koma barci, ina ta magana da hotuna. Mutum ɗaya ke saurarona, shi ya sa ban kore shi ba. Amma a takardata Cindo ne hadir, Haliru ga'ib ne sau goma sha biyu. A doka kai mahrum ne."

Baba ya gyara murya ya ce, "Ya Duktura, laifin gwiwata ne. Riɗin nan shi ne abincinmu na shekara." Ban taɓa jin ya roƙi kowa ba sai ranar, kuma kunyar da na ji ta fi tsoron faɗuwa.

Ta ce duk muhadarorin suna nan a naɗe. In saurare su duka, ranar Lahadi ta yi min tambayoyi baki da baki. In na amsa, in zauna jarrabawa.

8. Ka koma ɗalibin wakilinka

Kwana uku na yi a kan angarib, waya a reshe, Baba a kaina da sandarsa. Ƙannen mahaifina suka karɓi laujen. In na yi gyangyaɗi ya taɓa ni, in na yi kuskure ya ce, "La, la, mayar baya, ba haka ta ce ba." Sunan Turancin ne kawai ya bar min, wai wannan aikin 'yan boko ne. Ranar Lahadi na amsa takwas cikin goma, biyun da na faɗi kuwa ina ganinsa a gefe yana cizon yatsa.

Sanarwa

Marubucin wannan takarda ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. In malamarka ta fito Bahaushiya, ba ni na haife ta ba. In an sa ka mahrum, kada ka zo gidanmu. In wakilinka ya ƙi mayar maka da waya, ka haƙura ka nemi wata, don tawa ma har yau tana reshen aduwa, wai an fara darasin cututtukan dawa kuma Duktura ta ce ya ci gaba da zuwa.

Kuma in ranar karɓar shahada, wato takardar kammala karatu, ta zo, ka yi saurin buɗe baki. Ni na yi jinkiri. Muna zaune a zauren jami'a a Gadarif, Baba a layin iyaye cikin farar jallabiyar nan, mutumin da bai taɓa zama a aji ba tun da aka haife shi. Mai sanarwa ya ce, "Haliru Cindo." Kafin in miƙe, sai ga murya daga baya, mai kauri, irin ta tsohuwar mura, ta cika zauren: "Hadir!"

Ban gyara masa ba. Rabin sunan nasa ne.