Tagar Kulu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwaɓa ƙasa sanye da rigar angwanci, rabin Bungudu na kallona.

Lokacin ina saurayi magini, aka kwashe mu zuwa Gusau mu gina wa wani Bature mai sayen auduga gida. Ya zo da hoton gidan ubansa na ƙauyen Ingila, ginin zamanin tsohuwar sarauniyarsu, ya ce irinsa yake so. Bene ne mai rufi a tsaye, da mafitar hayaƙi a sama, da baranda, ga tagogi kowace ta kai tsayin mutum. Da tubalin ƙasa da azara muka kwaikwaya masa. (Gidan na nan har yau, hukuma ta hana a cire ko ƙusa a jikinsa. Ni da na ɗora tubalinsa sai da izini nake leƙawa.)

Tagogin nan suka shiga raina. Ga shi an sa mini rana da Kulu, 'yar garin Rawayya. Ina komawa gida na gina mata ɗaki jikin katangar waje, na buɗe taga ƙatuwa ta gabas. Gabas ɗin kuwa hanyar rijiya ce. Na manta tagar Bature tana da gilashi da murfin katako da labule, kuma ba shi da maƙwabci sai itatuwa. Tawa rami ce kurum. Babana ya zagaya ya duba, ya ce, "Anya kuwa?" Na ce, "Baba, haka ake yi yanzu a Gusau." (Kun ji ni fa, ɗan birni!)

Ranar jere ina ɓoye a gidan abokina kamar kowane ango, sai aka aiko wai Gwaggo Tumba, ƙanwar uban amarya, tana nemana. Ina isa na tarar da mata masu ɗebo ruwa sun tsaya a hanya da tuluna a ka, suna leƙen kayan ɗaki, suna yaba wannan tasa suna kushe waccan ƙwarya. Jakin wani kuma ya zura kai yana cin sabuwar tabarma.

Gwaggo Tumba ta leƙo ta cikin ramin, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam ango, katanga ta faɗi?"

Na durƙusa. "A'a Gwaggo, taga ce."

"Taga! To mu aure munka kawo ɗiyarmu, ba talla ba. In ba a toshe wanga rami ba, Kulu tana Rawayya."

Wallahi ba wasa take ba, don har ta sa an fara naɗe tabarmi. Ban tsaya neman kowa ba. Na tattare babbar riga na ɗaure a ƙugu, na shiga taka ƙasa. Yara suka kewaye ni suna tafi suna "Bature! Bature!" Abokina, amanar Allah, shi ya fi kowa dariya. Babana tubali kawai yake miƙo mini, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kafin la'asar na toshe ta tas, aka kawo amarya ɗaki mai duhu da warin ɗanyar ƙasa.

Washegari da hantsi, tana lulluɓe, murya ƙasa-ƙasa, Kulu ta ce, "Malam, wai don mi ka yi wagga taga?"

Na so in ce yayi ne, sai gaskiya ta kubce mini. Na ce innata a ɗaki mai duhu ta yi ta kaɗin zare har idonta ya tafi, kuma na ji an ce ke ma gwanar kaɗi ce. Ba na son naki idon ya tafi.

Na ɗauka dariya za ta yi mini. Sai ta miƙe ta taka turmi, ta kai hannunta mai lalle can sama inda ba mai iya leƙowa, ta tura shi cikin ɗanyen yaɓen har wuyan hannu. Rana ta shigo ta sauka a tsakiyar ɗaki.

"Wannan ta ishe ni," in ji ta. "Kada dai Gwaggo ta ji."

Kunya da daɗi suka haɗe mini, na rasa inda zan sa fuskata.

Kulu ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta, amma shatin yatsunta na nan a bangon. Tun daga ranar ban sake huda bangon kowa ba sai na tambayi wadda za ta zauna a ɗakin. Na je har Gusau koyon taga, ashe awon yana hannun matata.